Salatif Ɗin Mai Gyaran Wuta

'Yan uwa, kafin in ce komai ku yi min alkawari ba za ku yi min dariya ba. Kyautar da ta hana ni sukuni wata guda cur salatif ne, kwali guda, kuma ma ba irin wanda nake amfani da shi ba.

Ni malamar 'yan nasare ce. Shekarata ashirin da bakwai, ajina yara goma sha takwas, 'yan shekara uku zuwa huɗu. A makaranta Anti nake, a gida kuma Auta, ko da yake yanzu in Mama ta ce Auta sai ta ja sunan kamar tana tuna min shekaruna.

Ajina taga biyu gare shi. Wajen ƙarfe goma rana kan shigo ta kwanta a kan 'yan teburan nan gajeru, a lokacin ne nake fito da gwangwanin salatif mai ado. Na takarda ne, mai taushi: akwai mai taurari, mai ɗigo-ɗigo, mai ratsin ja da fari, da mai 'yan kifaye wanda kullum sai an yi kuka a kansa. Tun da safe nake yanka shi guntu-guntu in jera a gefen kowane tebur yana lilo, don ɗan shekara uku in ka ba shi naɗi guda to ka yi sallama da shi. Wanda na bari a naɗe kuma sai na lanƙwasa bakinsa, saboda 'yan yatsunsu ba sa iya lalubo inda ya tsaya. Da shi muke yi wa 'yar tsanar kwali riga, mu yi hular sarauta, mu naɗe bututun takarda ya zama abin hangen nesa. Wallahi in suka yi shiru suna liƙe-liƙe, harshe a waje, ba ka jin komai sai ƙarar yagewar takarda, ji nake da za a bar ni a ɗakin nan har tsufana ban da ƙorafi.

To amma a gida ba wanda ya damu da ƙarar takarda. Akwai ɗan abokin Baba da ya shekara yana nema na. Ni da Yaya, babbar yayata, Mai Turare muke ce masa, don ƙamshinsa kan riga sallamarsa shigowa. Kada in ɗauki alhakinsa, mutumin kirki ne, ga aikin ofis ga mota mai sanyi. Kullum da safe sai ya turo hoton fure da doguwar addu'a. Abu ɗaya ne ya tsaya min a wuya. Ran da ya ga guntun salatif mai taurari a gefen mayafina ya sa yatsa biyu ya cire, ya yi murmushi ya ce, "In Allah ya yarda kin kusa hutawa da wannan wasan yaran."

Na yi dariya a lokacin. Da na shiga ɗaki sai na ji dariyar ta ƙi zama.

A farkon watan nan Baba ya kira ni falo, ya rage ƙarar rediyonsa.

"Auta, ban taɓa yi miki dole ba, ba kuma yau zan fara ba. Amma bawan Allahn nan ya shekara yana jiran amsa, mahaifinsa kuma kunyarsa nake ji. Lahadin ƙarshen wata ina so in ji. Ko ki ce shi, ko ki kawo min wani da bakinki."

Mama na daga bakin ƙofa tana ninke kaya. "Wani wa? Wa take gani ban da masu majina?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin ɗankwalina. Da Mama ta san abin da ke raina da ta ajiye ninkin nan ta zauna.

Wani ɗin dai mai gyaran wuta ne. Mai Makaranta, matar da ta kafa makarantarmu, ita ta kira shi ya ɗaga soket-soket ɗin azuzuwa sama inda hannun yara ba zai kai ba. Ranar Laraba ya shigo ajina, muna tsakiyar aikin hannu. Dogo ne, baƙi, da shuɗiyar rigar aiki wadda wanki ya cinye kalarta a kafaɗa, ga testa a aljihun gaba. Ya yi sallama a hankali kamar mai tsoron tada barci. Kafin in amsa yara sun yanyame shi.

Akwai wani yaro da nake kira Sarkin Tambaya. Ya tsaya a gabansa ya riƙe ƙugu.

"Kawu, kai ma kana da salatif?"

Ya durƙusa har ƙasa, ya zaro baƙin naɗi daga jakarsa. "Ga nawa."

"Naka ba shi da kyau."

"Gaskiya ne," in ji shi, bai ko yi dariya ba. "Na Antinku ya fi."

Daga ranar ya zama Kawu Mai Wuta. Aikin da na ji an ce na kwana biyu ne sai da ya ci sati, kuma ban san me ya sa kullum a ajina kayan aikinsa suke kwana ba. Ba ya dogon zance. Yakan tsaya da filaya a hannu yana kallon yadda nake lanƙwasa bakin salatif, in na ɗago sai ya koma kan bango da sauri. Rannan ya ji ina ce wa malamar ajin kusa gwangwanina ya kusa ƙarewa, shagon da nake saya sun daina kawowa. Ya karɓi lambata ne wai ko soket zai ba da matsala.

Bayan kwana huɗu saƙo ya shigo:

"Salam Malama. Na ajiye saƙo wajen maigadi. Na yara ne."

Na buɗe kwalin a ofis. Salatif ne jere reras, ja, rawaya, shuɗi, kore, fari, baƙi, kowace kala goma-goma. Na roba, mai sheƙi, irin wanda ake naɗe wayar wuta da shi. Bawan Allah ya ji an ce salatif mai kala, ya tafi inda ya sani ya zaɓo mafi kyau.

Na tura wa Yaya hoton. Saƙon muryar da ta maido min rabinsa dariya ce har da tari.

"Auta, kin shiga uku! Wasu ana kai musu agogo, ke an kawo miki kayan wayarin! Waye wannan? Ki ce masa saura fiyus!"

Na rubuta wa Mai Wuta: "Na gani, na gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri."

"Ya yi?"

Na daɗe ina kallon kalmomin nan biyu. Na san bai yi ba, ko ɗaliba 'yar koyon aiki ta san bai yi ba. Na rubuta: "Ya yi sosai."

Kuma don kada in zama maƙaryaciya, ranar Alhamis na fito da shi. Tun a minti biyar na farko na gane na ɗauko ruwan dafa kaina. Yara suka ja, ya ƙi yagewa, sai miƙewa yake kamar cingam. Gimbiya, wata 'yar lukuta mai kitso biyu, ta sa haƙori, da ƙyar na ƙwace. Sai na ce to mu yi titi a ƙasa, ni in yanka su su danna. Muka shimfiɗa baƙi ya zama kwalta, fari a tsakiya, kore ya zama filin wasa, shuɗi ya zama kogi ya bi ta ƙarƙashin teburina ya ɓulle bakin ƙofa. Ranar ajin nan ya koma gari guda. Suka kwanta rub da ciki suna tura 'yan motocinsu, rana na sheƙi a kan kogin, ni kuma ina zaune a ƙasa ina tunanin hannun da ya zaɓi kalolin ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauki hoto na tura masa. Ya turo: "Masha Allah." Bayan minti uku ya sake turowa: "Kogin ya fi kyau."

Na karanta saƙon nan ya fi sau ashirin, ban da wanda na karanta a zuci ina wanke-wanke.

Ranar Litinin na buɗe aji na tsaya turus. Zafin ƙarshen mako ya sa salatif ɗin ya tsuke, gefensa ya nannaɗe, ya bar wani baƙin danƙo a kan tayil ɗin da aka sa bana. Kafin in yi wani abu yara sun shigo a guje. Safa ta liƙe, siket ya liƙe, Sarkin Tambaya ya zauna a tsakiyar kogi ya tashi da shi a wando. Mai Makaranta ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta zare tabarau ta mayar.

"Malama, shekararki huɗu a nan. Ke ce mai koya wa sababbi a gwada abu a lungu kafin a liƙa. Me ya shiga kanki?"

Na ce, "Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe."

"Gobe da safe ina so in ga tayil ɗina kamar yadda na saya."

Ban gaya wa Mai Wuta ba. Maigadi ne ya kai masa labari. Bayan an tashi, ina durƙushe da soso da ruwan sabulu, doguwar rigata ruwan toka duk ta jiƙe a gwiwa, danƙon nan sai ƙara yaɗuwa yake, na ji sallamarsa. Yana riƙe da kwalbar man girki da tsummokara.

"Sabulu ba ya fitar da shi," ya ce. "Da kananzir zan kawo, sai na tuna a nan yara suke kwanciya."

Ya naɗe hannun riga ya durƙusa can nesa da ni. Ya ɗiga mai, ya jira, ya murza a hankali, danƙon ya taso kamar ba shi ne ya sa ni hawaye ba. Muka yi ta aiki, shi daga bakin ƙofa ni daga wajen allo, ƙofa a buɗe, maigadi na jin rediyo a waje. Ba na jin komai sai ƙarar tsumma.

Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Me ya sa ba ki faɗa min ba irinsa ba ne?"

"Kyauta ce."

"Kyautar da ta ja miki faɗa."

"Yara sun ji daɗi ranar."

"Ke fa?"

Na ci gaba da murza wurin da ya riga ya fita tas.

Da muka gama ya ce in nuna masa irin wanda ya kamata ya sayo. Ya zauna a kan kujerar yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, na miƙa masa ragowar mai ɗigo-ɗigo. Ya ja kaɗan, ya yage da yatsa biyu, ya liƙa a bayan hannunsa ya ɗaga.

"Wannan ai ba ya riƙe komai."

"Haka ake so. In yaro ya liƙa a karkace sai ya ɗaga ya sake, ba kuka."

Na nuna masa wasan da yara suka fi so: a liƙa salatif a farar takarda, a shafe ko'ina da fenti, in ya bushe a ɗaga, sai fararen layuka su fito. Na ba shi takarda da buroshi kamar ɗalibina. Yara kan liƙa nasu ko ta ina, shi kuwa sai da ya auna da ido, layukansa suka miƙe sambal. Ya shafa shuɗi. Muka zauna jiran ya bushe, rana ta koma taga ta biyu, ƙura na yawo a cikin haskenta. Da ya ɗaga salatif ɗin sai na ga zanen gida ne, irin wanda masu gyaran wuta suke bi in za su ja waya.

"Nan falo," ya ce yana nunawa da bakin buroshi. "Nan kicin. Nan ɗakin kwana."

"Wannan ƙaramin fa, mai taga biyu?"

Ya sosa ƙeya. "Wannan... na ajiye kayan aikin hannu ne. Soket ɗinsa a sama zan sa."

Na jira. Wallahi na jira har na ji numfashina ya tsaya. Sai ya miƙe da sauri har kujerar ta faɗi, ya ce yana da aiki a wani gida, ya tattara tsummokaransa ya fita.

Shi ke nan fa, 'yan uwa. Abin da nake da shi ke nan a hannu: ɗaki mai taga biyu a kan takarda. Bai ce yana sona ba, bai tambayi gidanmu ba. Saƙonninsa na satin nan duka uku ne, kuma biyu a kan tayil ne. Na Mai Turare kuwa kullum: "Barka da safiya sarauniyata, Lahadi ta kusa." Ni kuma in na kwanta hutun rana sai in ga kaina a ɗakin nan, labule fari, gwangwanaye jere a kan kanta, wani yana taka ƙasa a hankali don kada ya ɓata min aiki.

Ranar Juma'a fankar falonmu ta yi wani gurnani ta tsaya. Mama ta ce wanda ya saba yi mana gyara ya yi tafiya. Na ji bakina yana cewa, "Akwai wanda ya yi mana aiki a makaranta." Na rantse muku ba wani shiri na yi ba. So nake kawai ya taka gidanmu sau ɗaya kafin Lahadi, in ga yadda falonmu zai yi da shi a ciki.

Ya zo Asabar bayan la'asar, da rigar aikinsa an goge ta har da kari. Ni kuma na canza kaya sau uku, na ƙare a doguwar riga kore da farin mayafi, na zauna a kicin ina yanka albasar da ba wanda ya sa ni. Ina jin Baba na ce masa tsanin gidan nan ƙafarsa ɗaya ta gajarta, bari ya riƙe masa.

Sai wayar Baba ta yi ƙara. Na ji gaisuwa mai tsawo, na ji "in sha Allahu", na ji "ai kamar an gama". Na ajiye wuƙar.

"Auta!"

Na shigo ina goge hannu. Baba na tsaye a tsakiyar falo da farar jallabiyarsa, hannu biyu a kan tsani. Mama na kan doguwar kujera tana fifita da murfin kwali. A sama kuma, kai ya kusa taɓa silin, Mai Wuta ne da wayoyi a hannu. Bai kalle ni ba.

"Mahaifin yaron nan mai neman ki ne ya kira," in ji Baba. "Gobe da safe zai yi tafiya, yana so ya ji kafin ya tashi. Yau da gobe duk ɗaya ne. Me kika yanke?"

Kun san yadda manya suke, mai gyara a wurinsu kamar kujera ne, ana magana a gabansa ba a ganinsa.

"Baba, da mun bari..."

"A bari sai yaushe?" Mama ta karɓe. "Yaro mai hankali, ɗan mutunci, ya ce ma ba sai kin ƙara wahalar aiki ba. Ki buɗe baki ki ce to, a wuce wurin."

Na saci kallon sama. Hannunsa ya tsaya cak a jikin fankar. Ina ganin gumi na gangarowa ta bayan kunnensa.

Baba ya sassauta murya. "Na ce miki ba dole. In akwai wani, faɗa min. In babu, zan kira mutumin nan yanzu in ba shi amsa."

Na lissafa abin da zai faru in na yi shiru: Baba zai danna waya, Mama za ta yi guɗa, shi kuma zai haɗa fankarmu ya sauko ya yi sallama a hankali, ba zan ƙara ganinsa ba. Na lissafa abin da zai faru in na yi magana, shi kuma ya ce shi gyara kawai ya zo. Wannan kunyar har jikokin Yaya sai sun ji labarinta. Tsoro ya kama ni sosai. Amma na farkon ya fi ba ni tsoro.

"Akwai, Baba."

Murfin kwalin ya tsaya a hannun Mama.

"Waye? Ɗan gidan wa?"

"Ban san gidansu ba. Bai ma ce min komai ba tukuna." Na ɗago na kalli Baba. "Amma ka tambaye shi da kanka. Shi kake riƙe wa tsani."

Mama ta saki salati. Baba ya ɗaga kai a hankali, hularsa ta zame baya, ya kalli mutumin da ke samansa tun daga takalmi har kai kamar yanzu ya shigo gidan. Tsanin ya ɗan girgiza, ban san ko hannun Baba ne ko ƙafar na saman ba.

"Samari, ka ji abin da ta ce?"

"Na ji, Baba."

"To sauko."

Ya dubi wayoyin da ke hannunsa, ya dubi Baba, sannan a karon farko tun shigowarsa ya dube ni.

"Baba, a yi min haƙuri minti biyu. Bakin wayar nan a buɗe yake, ba zan bar shi haka a kan mutane ba."

Wayar Baba ta sake ɗaukar ƙara a aljihunsa. Mama ta ce, "Alhaji, ana kira." Ta yi ta ƙara, ta yi ta ƙara. Baba bai cire hannu ko ɗaya daga kan tsanin ba.

"Gama a hankali," ya ce. "Ina riƙe da kai."